Sa Hannun Wa Ake Jira a Ƙofar Tiyata?

Daga unguwar Tudun Wada zuwa manyan asibitocin Sakkwato ba tafiya ba ce. Mai naƙuda in ta samu Keke Napep, kafin a gama buga wa dangi waya an sauke ta a Asibitin Ƙwararru, ko asibitin mata da yara na Maryam Abacha, ko a wuce da ita Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Matar birni ba ta fama da abin da matar Isa ko Sabon Birni ke fama da shi na nisan hanya da tsoron ɓarayin daji. Amma akwai wani jinkiri da kusancin asibiti ba ya maganinsa. Shi ne wanda ke aukuwa bayan an kwantar da mace a gado, likita ya duba ya ce haihuwar nan ba ta zuwa da kanta, sai an yi aiki. A nan ake fito da takarda, a nan kuma ake jin maganar da kowace ungozoma a ƙasar Hausa ta haddace: "Ku dakata maigida shi taho." Wani lokaci uwar miji ke faɗa, wani lokaci mai naƙudar da bakinta, wani lokacin ma ma'aikatan ne ke leƙowa baranda suna tambayar ina mijinta.

To wa ke da ikon cewa a yi aikin ko kada a yi, wadda ke kwance ko wanda ya biya sadakinta?

Ta fuskar dokar ƙasa magana a yanke take. Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya a sashe na 23 ya sanar da mara lafiya halin da jikinsa ke ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfanin kowace da haɗarinta da kuɗinta, ya kuma gaya masa yana da damar ƙi, tare da abin da ƙin zai jawo. Ta ce a yi bayanin da harshen da mutum ke ji, a lura kuma da ko ya iya karatu. Sashe na 26 ya hana fitar da sirrin mara lafiya sai da yardarsa ko da umarnin kotu ko wata larura da doka ta sani. Sashe na 20 ya hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa da kowane irin dalili, wanda ya ƙi kuma tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Babu inda dokar ta ce in mara lafiyar matar aure ce sai a juya mata baya a yi wa mijinta bayani. A ƙarshen Yulin 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya guda 12, ya sake nanata waɗannan abubuwa a taƙaice don a manna a bangon asibitoci.

Tun kafin haka Kotun Ƙoli ta riga ta yi magana. A 1991 wata mata mai suna Martha Okorie, 'yar ɗariƙar Shaidun Jehobah, ta kwanta rashin lafiya bayan haihuwa, jininta ya yi ƙasa sosai, ta ce addininta ya hana ta karɓar ƙarin jini, ta rubuta ta sa hannu. Dakta John Okonkwo na Inugu ya ci gaba da kula da ita ba tare da jinin ba har ta rasu. Danginta suka kai ƙorafi, kotun ladabtar da likitoci ta dakatar da shi wata shida. Da magana ta kai Kotun Ƙoli a 2001, alƙalai suka wanke shi, suka ce baligi mai hankali yana da 'yancin ƙin magani ko da ƙin zai kai shi kabari, bisa sashe na 37 da na 38 na kundin tsarin mulki. In kuwa mace na da ikon ƙi a kan ranta, ikonta na yarda a ceci ran ya fi ƙarfin a yi gardamarsa.

Wannan ita ce doka. Amma masu cewa a bar miji ya ci gaba da sa hannu ba jahilan doka ba ne. Da yawansu likitoci ne da nas-nas da suka yi shekaru suna kwana a ɗakin haihuwa, kuma hujjojinsu ba na raini ba ne.

Ta farko kuɗi ce. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun mutane yake fita. Duk wanda ya taɓa jinyar mai haihuwa ya san yadda abin ke tafiya. Nas za ta miƙo 'yar takarda da jerin kaya: safar hannu, zaren ɗinki, ruwan ƙari, allurai, auduga, sai kuma a ce a nemo jini leda biyu. Mutum zai tsaya baranda da takardar a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun, yana kiran yayansa a kasuwar Kara ko ya samu abin ranta masa, yana kiran ƙannensa su zo a gwada jininsu. Kafin ya sa hannu sai ya sassauta murya ya ce, "Malama, ba a iya ƙara mata ruwan naƙuda a gani?" Wannan mutumin ba mugu ba ne, lissafi yake yi. Masu wannan ra'ayi suna cewa ko matar ta dangwala yatsa sau goma, in ba a kawo kayan ba aiki ba ya yiwuwa. Don haka sa hannun miji a wurinsu alkawarin biya ne, kuma wanda zai ɗauki bashi ya cancanci a tambaye shi.

Ta biyu tsoro ce, kuma ta fi ta farko nauyi a zuciyar likita. Tiyata ba ta da tabbas. In aka shiga da mace bisa yardarta ita kaɗai, Allah ya karɓi abinsa, wadda ta sa hannun ba ta nan balle ta ba da shaida. Waɗanda suka rage su ne miji da 'yan uwansa, kuma tambayarsu ɗaya ce, wa ya ba ku izini? An sha dukan likitoci da nas-nas a asibitocin ƙasar nan, an sha kai su ofishin 'yan sanda. Ƙaramin likita mai aikin dare, wanda ya san gobe shi kaɗai zai fuskanci dangin, ba sashe na 23 yake tunawa ba. Neman wanda zai raba alhakin da shi yake yi.

Sai hujjar da ta fi ba ni wahalar turewa, domin daga tausayin matar ta fito. Mace ba a asibiti za ta zauna ba, gidan mijinta za ta koma. Akwai ayyukan da ke canza rayuwar aure baki ɗaya. In mahaifa ta fashe saboda doguwar naƙuda, wani lokaci ba makawa sai an cire ta, haihuwa ta ƙare ke nan. Ko aikin ciro jariri ma, mutane sun ɗauka yana ƙayyade yawan 'ya'yan da mace za ta iya samu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki tunda haɗari na ƙaruwa da yawan yanka. A gidan da ake da kishiya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mijin da ya sa hannu da kansa ba shi da bakin cewa an yi masa ba-zata. Wanda aka yi ba da saninsa ba kuwa yana iya riƙe abin a ciki, yau gori gobe shariya, har ta kai ga takardar saki. Ungozomomi da yawa sun yi imani cewa jiran mijin kare auren matar ne. Suna kuma ƙarawa da cewa ita matar ce ke so. Yarinya 'yar shekara sha takwas, haihuwar fari, kunya ta hana ta ko ɗaga ido, ka tambaye ta ta ce, "Ba ni da ta cewa, sai abin da maigida yac ce." In 'yanci ake magana, ai miƙa wuya ga wanda ta amince da shi ma zaɓinta ne. Wa ya isa ya tilasta mata ɗaukar nauyin da ba ta nema ba, tana tsakiyar ciwo?

Suna kuma da tarihi a gefensu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce an yi wa iyaye bayani da Hausa sun yarda da baki, kuma sanƙarau ne ya kashe yaran. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Zargin da wannan ya shuka yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, ana cewa tana hana haihuwa. Abin da ya dawo da amana kuwa shi ne bi ta hannun sarakuna da malamai da masu gida, musamman bayan Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci sarakunan Arewa a kan lamarin daga 2009, har aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Darasin da suka ɗauka shi ne, a ƙasar nan ba a tsallake maigida a ci nasara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a jihar Sakkwato haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin goma ba. In labari ya bazu cewa asibiti na yanka matan mutane ba da sanin mazajensu ba, 'yan kaɗan ɗin da ake kawowa ma za a daina.

Duk wannan na ji shi, kuma ban ga wanda zai yi watsi da shi ba sai wanda bai san wurin ba. Amma ɗaya ɓangaren na da abin da waɗannan hujjoji ba su amsa ba, wato agogo.

Jinin da ke zuba bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. In jariri ya galabaita a ciki, ma'aunin da likitoci ke ƙoƙarin bi shi ne kada a wuce minti 30 tsakanin yanke shawara da ciro shi. In kan jariri ya toshe hanya aka yi ta jira, naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa mutuwa yake yi, daga nan yoyon fitsari ke samuwa. Ba sai an je nesa neman shaida ba, asibitin Maryam Abacha na da sashe guda na gyaran masu wannan lalura, Babbar Ruga a Katsina kuma shekara da shekaru Dakta Kees Waaldijk ya yi yana ɗinke dubban irinsu. Da yawan matan nan mazajensu sun rabu da su saboda yoyon. Wato auren da aka ce ana jira don a kare shi, jiran kansa na iya raba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ba duka jiran sa hannu ya kashe su ba, ko kusa. Amma cikin dukan dalilan, wannan ne kaɗai gyaransa ba ya bukatar ko kwabo.

Sannan ina mijin yake? Sakkwatawa mutanen cin rani ne tun kaka da kakanni. Da an kai amfanin gona gida, wani ya nufi Ikko, wani Fatakwal, wani Badun, yana ga-ruwa ko acaɓa ko sayar da albasa. Ɗan birni ma yana iya kasancewa a kasuwar Illela ko kan hanyar Gusau inda waya ba ta shiga. In ba a same shi ba sai a ce a kira wansa, in babu a kira baban miji, a haka ikon jikin mace ke yawo hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin wanda ko sunanta na yanka bai sani ba, ita kuwa tana nan kwance ido biyu, tana jin duk abin da ake faɗa.

Masu kare al'adar sukan fake da addini, to a nan ne ƙafarsu ta fi rauni. Izinin miji na fita daga gida abu ne da fiƙihu ya sani. Izinin yanka jikin baliga mai hankali wani abu ne daban. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya, wadda ba wanda zai zarge ta da bin Turawa, ta yanke a shekarar 1404 bayan hijira cewa ba a yi wa baligi mai hankali tiyata sai da izininsa, namiji ne ko mace. A 1413 ta sake zama a kan aikin ciro jariri da cire mahaifa musamman, ta ce in likitoci amintattu sun tabbatar larura ce, maganar matar ita ce abin lura, ba a sharɗanta yardar miji ko ta waliyyi ba, domin cutar a jikinta take. Maganar kuɗi ma, Muhtasar na Halil da ake karantawa a zaurukan garin nan ya lissafa ladan ungozoma cikin abin da ke wuyan miji. Abin da yake wajibi a kanka, sauke shi ba ya saya maka ikon hanawa. Malikawa kuma tun daga Muwaɗɗa sun tattauna alhakin likita in ya yi kuskure, malaman fiƙihu suka sa izini cikin sharuɗɗan da ke ɗauke masa biyan diyya. Garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ya rubuta littattafai a kan maganin basur da ciwon ido bai kamata a ce wannan babi baƙo ne a cikinsa ba.

Game da tsoron likita kuwa, akwai abin da ba a cika faɗa ba. Takardar da miji ya sa wa hannu tana iya kwantar da hankalin dangi, amma a gaban alƙali ba ita ce kariyar likita ba. In mace mai hankali ba ta yarda ba aka yi mata aiki da sa hannun mijinta, an taɓa jikinta ba da izini ba ke nan. In ta yarda, mijin ya hana, likita ya janye hannu har ta mutu, ba shi da sashen doka da zai nuna. Wannan al'ada tana kuma buɗe wata ƙofa ta ɓarna. Inda aka saba miji ne mai magana, ba wuya a kira shi gefe a gaya masa sakamakon gwajin jinin matarsa kafin ita ta ji, ko ya nemi a juya mata mahaifa tana cikin allurar barci tunda 'ya'ya sun yi masa yawa. Wanda ya yarda miji na iya hana aikin da take so, da wuya ya samu hujjar hana shi sa a yi mata wanda ba ta so.

Akwai kwanar da ɓangarorin biyu ke rikicewa a kai, gara a faɗe ta. Wani lokaci miji ne ke roƙo a yi aikin, matar ce ke ƙi. Tana tsoron wuƙa, ko tana gudun a ce raguwa ce ta kasa haihuwa da kanta, ko ta ga wadda aka shiga da ita ba ta fito ba. A nan hukuncin Okonkwo yana tare da ita. Amma akwai rai na biyu a cikin. A 2019 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Esabunor, wani jariri ɗan wata guda da aka ƙara wa jini a Ikko a 1997 da umarnin majistare bayan uwarsa ta ƙi saboda addininta. Kotun ta ce babba na iya zaɓar wa kansa mutuwa, amma ba ya zaɓar wa yaro. Sai dai wancan jaririn an riga an haife shi, ceton sa bai bukaci a yanka uwarsa ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Sharja a 2009, ta fi karkata ga ceton rai. Ta ba da damar a yi aikin gaggawa ko da an ƙi, har da ciro jaririn da ke cikin haɗari, amma da sharuɗɗa masu tsauri: a yi bayani sosai, a rubuta, wasu ƙwararrun likitoci da ba su ne masu jinyar ba su tabbatar. A wannan kwana dokar ƙasa da fatawar ba su zo ɗaya ba, kuma ban ga amfanin yin kamar sun zo ba. Abin lura dai shi ne ko a nan ɗin, ba miji aka miƙa wa hukuncin ba. Ni a ganina mace mai ƙi, lallashi take bukata daga wadda ta yarda da ita, uwarta ko wata da aka taɓa yi wa aikin ta tashi, kuma mafi yawan lokaci yana ci. Ɗaure ta a gado kuwa ba asibitin da zai yi shi ya sake ganin matan unguwarsu.

Ko da an daidaita a kan wanda zai sa hannu, da sauran rina a kaba. Takardar da Turanci take. Nas za ta goga tawadar biro a babban yatsan matar, ta kama hannun ta danna a ƙasan shafi, shi ke nan an samu amincewa. Mijin ma sau da yawa abin da aka gaya masa bai wuce "Malam, sa hannu nan, aiki za a yi" ba. A Birtaniya a 2015 kotun ƙoli ta ba Nadine Montgomery gaskiya, mace mai ciwon sukari kuma ƙaramar halitta, wadda likitarta ba ta gaya mata haɗarin kafaɗar jariri ta maƙale ba, don kada ta zaɓi a yi mata aiki. Yaron ya fito da nakasa. Kotun ta ce abin da mara lafiya zai so ya sani shi ne ma'auni, ba abin da likita ya ga damar faɗa ba. Likitanmu zai ce, da gaskiyarsa, shi kaɗai ne a kan mata talatin, abokan karatunsa sun tafi Saudiyya da Ingila, ina ya ga lokacin dogon bayani? Amma jimla huɗu da Hausa, me ya faru, me za a yi, me ka iya biyo baya, me zai faru in ba a yi ba, ba su kai tsawon lokacin da ake ɓatawa ana neman lambar wan miji ba. Buga takardar da Hausa, boko da ajami, aikin mako guda ne ga ma'aikatar lafiya.

Wanda aka tauye wa haƙƙi kuma ina zai je? Akwai hukumar da ke yi wa likitoci rajista, tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, tana iya dakatar da likita ko ta soke sunansa. Akwai kotunan jiha don neman diyya. Amma mutumin Tudun Wada da ya binne matarsa, abin da zai ji daga masu ta'aziyya shi ne kwana ya ƙare, a yi haƙuri, kuma ko ya so ƙara, sai ya samu lauya da wani likitan da zai yarda ya ba da shaida a kan ɗan uwansa. Ga shi kuma in jiran sa hannunsa ne ya jawo, wa zai kai ƙarar wa? Saboda haka ban sa ran kotu ce za ta gyara wannan ba.

Inda na tsaya shi ne, masu al'ada sun yi daidai da suka ce a jawo miji a jiki, sun yi kuskure da suka mayar da shawararsa sharaɗi. A kira shi, a yi masa bayani da girmamawa in matar ta yarda, ya sa hannu a matsayin shaida in yana kusa. Amma layin amincewa na matar ne, kuma in ta ce a yi, ba a jiran kowa. Hujjar kuɗi ta fara raguwa tun da Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar a Nuwamban 2024 cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi aikin ciro jariri kyauta, in har abin ya isa kowane asibiti ya kuma ɗore. Hujjar kunya da ciwo kuwa maganinta yin maganar da wuri. Ranar awon ciki, mace na zaune da hankalinta, a tambaye ta: in haihuwa ta zo da gardama kin yarda a yi aiki, kin yarda a ƙara miki jini, in ba ki cikin hayyacinki wa kika wakilta? A rubuta a katinta. A gayyaci mijin sau ɗaya cikin wata tara ya ji da kunnensa, ya fara tanadin kuɗi da masu ba da jini. Wadda ta ce maigida ta wakilta, zaɓinta ne, a girmama, amma a tambaye ta wa zai tsaya in yana Ikko.

Saura wadda ba ta taɓa zuwa awo ba, kuma a jihar nan su ne suka fi yawa. Ita ce ake kawowa ƙarfe biyun dare tana jijjiga, ba ta san inda take ba, tare da maƙwabciya da ƙanen miji ɗan makaranta. Ba ta iya yarda, ba ta iya ƙi, kuma ba wanda ke da ikon ƙi a madadinta. Doka da fiƙihu duka sun ce a ceci rai. Likitan da ke gabanta ya san haka. Abin da yake bukata shi ne umarni a rubuce daga shugabannin asibitinsa da ma'aikatar lafiya ta jiha, cewa a irin wannan hali likitoci biyu su sa hannu a shiga da ita, kuma in gari ya waye dangi suka zo da faɗa, shugaban asibitin ne zai fito ya tare su.